Birkin Kawu

Yau a Ƙofar Taramniya na hango bakaniken da ya sa wa babban mashin ɗin Kawu jabun birki, yana shan rake hankali kwance.

Kawu ba ya tada mashin sai ya goge sarƙa da tsumma, ya murza baƙin mai a yatsu ya sansana. Kullum yakan ce mini, "Ɗana, duba birki kahin ka duba mai." Ranar tafiyarsa Argungu mutumin nan ya rantse masa cewa birkin sabo ne dal. Gawar Kawu aka dawo mana da ita.

Yanzu ni ke hawan mashin ɗin. Na tsaya gaban bakaniken, inji na ruri, har raken ya suɓuce masa.

Allah ya jiƙan Kawu. Shi kuwa ban yafe ba, Allah ya isa.