Mushe Hamani da rantsuwar Inna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, aka kira ni daga Tabotaki cewa Allah ya karɓi ran Mushe Hamani Gado, tsohon malaminmu (Mushe muke ce wa malamin boko, daga Faransanci). Ina cikin aji. Wallahi ban iya ƙarasa darasin ba.

Mushe, ka zo lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, tawaye bai daɗe da ƙarewa ba. An yi sulhu, amma ko a rijiya Hausawa da Buzaye ba su gaisawa. Ni Lalla, 'yar Buzaye ce. Masu bindiga sun tafi da mahaifinmu, bai dawo ba, kuma da Hausa suka kira shi waje. A ranar ce Inna ta rantse ba za ta ƙara magana da Hausa ba, alhali ta iya ta sarai. Ta bar zuwa kasuwa, ta bar zuwa suna da biki.

Da aka ce a fara karantar da yara da harsunan gida, wasu malamai sun yi ta gunaguni. Kai kuwa, da furfurarka, ka ɗauki keke kana zuwa zangonmu koyon Tamajak, harshenmu. Kai, mun sha dariya! Ko akuya ba ka iya kira daidai ba. Amma kowace safiya sai yaran Hausawa sun gaishe mu da harshenmu, mu kuma mu gaishe su da nasu. Wani uba ya zo da faɗa wai Faransanci kawai za a koya wa ɗansa, ka ce masa, «Alhaji, Faransanci na nan, ba ya gudu. Maƙwabcinka fa?»

Ba ka taɓa roƙon Inna ta karya rantsuwarta ba. Ka dai zauna ka sha shayinta, kana kame-kame da Tamajak, tana gyara maka. A hankali ta koma kasuwa, tana ciniki da hannu. Ina kewar zamanin nan ƙwarai.

Ranar addu'ar uku na raka Inna wajen matarka, Gwaggo Zaliha, da niyyar yi mata tafinta kamar kullum. Na buɗe baki, sai ta dafa ni. Da Hausa Inna ta ce, «Zaliha, sannu da haƙuri. Allah shi jiƙan Hamani.» Gwaggo ta rungume ta, gida ya ɗauki kuka.

Ina miƙa ta'aziyya ga Gwaggo Zaliha, da 'ya'yanka Imrana da Samira, da dukan dangi. Allah ya gafarta maka, Mushe, ya haskaka kabarinka, ya karɓi addu'ar Inna. Amin.