Ƙwayar da Inna Ke Rabawa Biyu

Shekara tara ina aikin jinya a wajen Tarka, ina yi wa matan mutane faɗa a kan shan magani, ashe ɓarnar tana cikin gidanmu. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Inna, mahaifiyata, tana zaune a ƙauyenmu, tafiyar awa guda a babur. Da hawan jini ya kama ta, lokotoro, wato likita, a Tanout ya rubuta mata ƙwaya ɗaya kowace safiya. Ni ke kai mata ta wata guda, in ɗaura mata abin awo a dantse, in duba kwalin baya. Kullum kwali ya ƙare daidai, amma jini ya ƙi sauka. Na hana ta gishiri, na hana ta kanwa, duk a banza.

Na koma wurin lokotoro. Ya ce, "Kin tabbata tana sha?" Na ce masa da zafi, "Uwata ce fa." Sai ya mayar da ita ƙwaya biyu. Wata na zagayowa awo ya yi kyau, na dawo ina hura hanci.

Inna tana da ƙawa, wata tsohuwar Buzuwa da ke sauka da danginta a bayan gari kowane rani. Tun ina yarinya suke musayar hatsi da cuku. Ashe ita ma tana fama da ciwon kai. Inna kuwa ko goro ɗaya ta samu sai ta fasa shi biyu, kuma haka ta yi wa ƙwayar: ta sa wuƙa ta raba. Da aka mayar da ita biyu, aiki ya zo mata da sauƙi, ɗaya tata, ɗaya ta ƙawa. Wato ɗayar da aka rubuta tun farko ita ce daidai da jikinta.

Damina ta faɗi, Buzaye suka kaɗa dabbobinsu suka yi arewa wajen Tenhya. Inna ta rasa mai taya ta, ta riƙa haɗiye biyun yadda na umarce ta. Ba a yi mako ba, ta miƙe daga bakin murhu, jiri ya ɗebe ta, ta faɗa kan turmi. Ƙashin ƙugunta ya karye.

A gadon asibiti na auna ta, na ga jinin ya yi ƙasa ƙwarai.

"Inna, me kika ƙara sha?"

"Ban ƙara komai ba. Rabonta na haɗa da nawa, tunda ba ta nan."

"Rabon wa?"

Ta faɗa mini duka, ko a jikinta. Na manta a gaban mutane nake, na ɗaga mata murya: "Magani ne fa, ba goro ba! Don me ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Ke kin tambaye ni? Kwali kike dubawa, ki ɗaure mini hannu, ki hau babur."

Duk baƙuwar da ta zauna a gabana sai na tambaye ta ko ita kaɗai ke shan maganinta. Uwata ce kawai ban taɓa tambaya ba, don ina ganin na san ta.

Inna ba ta sake takawa ba. Na ji haushinta, na ji haushin tsohuwar, amma haushin kaina ya fi ci mini rai.

Bayan kaka Buzaye suka dawo. Tsohuwar ta zo da cukunta da safe, ta zauna a gefen tabarmar Inna ta yi ta kuka, tana dafe da kai. Lokacin shan magani ya yi, na sa wa Inna ƙwayarta ɗaya a tafi, na miƙa mata ruwa. Ba ta karɓi ruwan ba. Ta dubi ƙawarta, ta dube ni.

Ta ce, "Ke, miƙo mini wuƙa."