Ramin Baba Zarif

Ƙarfe tara na safe Baba Zarif Mikha'il yake sauka daga taragon da ke ɗauko shi daga unguwar Bakus ta birnin Iskandariya, jaka a hammata, laima a hannu ko da babu alamar hadari. Sai ya tsaya wajen mai wake a kwanar titi ya sayi burodi biyu, ya ci ɗaya a tsaye, ɗayan ya naɗe ya miƙa wa mai gadi. Daga nan ya shiga Gidan Opera na Marjan, inda muke wasan kwaikwayo da waƙa, ta ƙofar baya, ya bi matakala zuwa ƙasa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana wannan sauka.

A bakin dandamalinmu, daidai tsakiya, akwai wani ɗan murfin katako da 'yan kallo ke ɗauka ado ne. Ƙarƙashinsa ɗan ɗaki ne da muke kira rami, mutum ɗaya yake ci, shi ma sai ya sunkuya. Nan Baba Zarif yake zama, kansa daidai da ƙafafunmu, bayansa ga jama'a, littafin kiɗa buɗe a gabansa, ga madubin babur da ya ɗaure da waya don ya riƙa hango hannun mai jagoran makaɗa. Aikinsa ya jefa wa mai waƙa kalmar farko ta kowane baiti, numfashi ɗaya kafin lokacinta. In ka yi gaggawa ya ɗaga maka tafin hannu. In hankalinka ya tafi yawo ya tsotsi leɓe, tsut, kamar mai kiran kyanwa, ka dawo.

Ni Busaina Radwan, shekara talatin da biyu na yi ina waƙa a saman kan bawan Allahn nan, ƙurar takalmina tana zuba masa a shayi. Ya ajiye aiki ƙarshen watan jiya. Ba a taɓa buga sunansa a takardar shirin wasa ba, kuma akwai maganar da na daɗe ina dannewa wadda yau sai na faɗe ta.

Kafin mu iso gwaji shi ya riga ya yi awa guda da littafinsa da jan fensir. Duk wurin da wani mai waƙa ya taɓa tuntuɓe, sai ya ɗiga ja a gefen, ba ya rubuta suna. Manyan mawallafan kiɗan nan da suka mutu sama da shekara ɗari, shi yana hirarsu ne kamar maƙwabtansa na Bakus. "Mutumin Italiya ba ya gajiya da maimaici," in ji shi. "Zai sa ka ce na tafi, na tafi, har sau goma sha biyu ba ka tafi ba. A na tara ake ɓata. Bajamushe kuwa ba ruwansa da maimaici, amma sai ya tsayar da kai awa huɗu har ka manta sunan babanka." Idan mutum huɗu suna waƙa lokaci guda, kowa da nasa kalmomin, sai ya raba mana yatsu. Ni ɗan manuninsa na dama ne nawa tun ina yarinya.

Ustaz Adli, mai jagoran makaɗanmu, ya sha ba da labarin wani baƙon mawaƙi da aka gayyato daga ƙetare, wanda ya tsallake layi takwas ya yi gaba abinsa, makaɗa sittin suna baya suna haki. Ya ce shi kansa gabansa ya faɗi. Sai ga mutumin ya tsaya cak, ya dafe ƙirji kamar baƙin ciki ne ya shaƙe shi, har kiɗan ya cim masa. Jama'a suka yi ta tafi wai sun ga gwanintar wasa. Alhali tafin hannun Baba Zarif ne ya riƙe shi, bai sauke ba sai da lokaci ya yi.

Ni kuwa da faɗa muka fara. A shekarata ta farko kaina ya fi ƙofa girma. Lokacin ba a fara ce masa Baba ba. Na durƙusa a bakin rami na ce, "Ustaz Zarif, don Allah ka daina yi min raɗa. Na haddace nawa tsaf. Kana sa a zaci ban iya ba."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Na san kin iya, ƙanwata. Amma ni kowa nake yi wa. In wanda ya manta kaɗai nake yi wa, duk wanda ya ji muryata ya san wane ya manta ke nan. Karɓi naki ki yi haƙuri, don asirin na kusa da ke ya rufu."

Na tashi ina gunaguni, na ce mutumin nan akwai taurin kai. Sai bayan shekara talatin na gane abin da ya faɗa min.

Bara da rani na yanke jiki na faɗi a kicin. Likita ya ce jini ne ya hau ya ɗan taɓa ƙwaƙwalwa, na auna arziki, hannu lafiya, ƙafa lafiya, murya ma lafiya. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne kalmomin waƙa sun fara guje mini. Kiɗan yana nan a kaina daram, amma ina tsakar baiti sai Italiyancin ya ɗauke kamar an kashe fitila. Ga shi an riga an sanar da wasan da zan yi ban kwana da shi, wanda zan fito a matsayin uwa, kuma a kashi na uku akwai doguwar waƙar makoki mai baiti biyu, kiɗa iri ɗaya, kalmomi daban. In na faɗi gaskiya, za a karɓe wasan cikin ladabi a ba ni furanni a raka ni gida da tausayi. In na yi shiru kuma na daskare a gaban mutanen Iskandariya, abin da za a riƙa tunawa da ni ke nan, ba shekara talatin ɗin ba. Wallahi tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

A gwaji na uku abin ya same ni, na rufe da tarin ƙarya. Da aka tashi kowa ya fita shan shayi, sai na ji tsut daga ƙasa.

"Ƙanwata, zo mana. Tun yaushe?"

"Tun yaushe me, Baba? Maƙogwaro ne kawai."

"Haba Busaina. Ni fuskarku ba ta dame ni ba, ƙafafunku nake karantawa. In kin san abin da ke gaba, a kan yatsu kike tsayawa. Yau kan dunduniya kika wuni."

Na zauna a ƙasan dandamali, mace mai jikoki, na yi kuka. Ya miƙo min shayinsa na yansun, wani iri mai ƙamshi, ya jira na gama.

"Wa ya sani?"

"Ba kowa."

"To har yanzu ba kowa. Tashi ki wanke fuska."

Mako bai zagayo ba sai ga wata sabuwa. Ustaz Hazim, mai tsara wasan, matashi ne mai basira da ya dawo daga karatu a waje. Ya tara mu ya ce zai shimfiɗa farin kyalle tun daga bango har bakin dandamali, don haka murfin rami zai ɓata masa tsari, a cire. "Manyan gidaje da yawa sun daina wannan abin," in ji shi. "Ku duka ƙwararru ne. Ko akwai mai buƙatar raɗa a cikinku? Ya ɗaga hannu."

Wanda ya san masu waƙa ya san ba a yi mana wannan tambayar. Mawaƙi ya gwammace a ce muryarsa ta tsage da ya yarda a gaban 'yan'uwansa cewa yana jingina da rami. Aka kwashe da dariya. Ni na fi kowa ƙarfin dariya, hannuna a cinya ban ɗaga ba.

Sai muka ji motsi a matakala. Baba Zarif, wanda a shekara arba'in bai taɓa neman ko sabuwar kujera ba, ya hau dandamali yana huci.

"Ba a cire ramina! Wannan ne wasana na ƙarshe ni ma. Ba za a fitar da ni kamar tsohon tsumma ba. In kun cire, wallahi kujerata zan ɗauko na zauna a tsakiyar farin kyallen naku."

Ramzi, mai fitowa a matsayin ɗana, ya ce, "Kai Baba, a ramin nan za a binne ka ne?"

"Ko an binne ni sai na leƙo na tuna maka baitinka, ɗan nema."

Aka sake dariya, amma wannan karon shi ake yi wa. Ustaz Adli ya ja Hazim gefe ya roƙe shi ya ƙyale tsoho ya gama da mutuncinsa. Hazim ya yarda yana cizon leɓe. Mako shida yana kiransa tsohon da ya ɓata masa aiki. A ɗakin kwalliya ana ta cewa ashe Baba ma yana da son a san da shi, tsufa ya fito da halinsa. Ina zaune ina ji, ban ce uffan ba. Har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Ranar wasan Juma'a ce da la'asar, ana ta zabga ruwa, amma gidan ya cika maƙil. Tun daga kashi na farko na lura da wani abu. Baba ba kalmar farko kaɗai yake jefawa ba kamar yadda ya saba. Layi sukutum yake bi da kowa, da Ramzi, da mai fitowa a sarki, har da wadda maganarta ba ta wuce layi biyu ba. Ina ganin Ramzi yana harararsa ta gefen ido.

Kashi na uku ya zo. Baitin farko ya wuce lafiya. Makaɗa suka juyo da kiɗan, Ustaz Adli ya ɗaga min hannu, na buɗe baki, babu komai a kaina. Fari fat, kamar kyallen da nake tsaye a kai. Na ji dunduniyata ta dafe ƙasa. Na sunkuyar da kai irin na uwar da aka kashe wa ɗa, sai ga ɗan manunin nan na dama yana nuna ni, ga bakinsa yana ba ni kalma. Na ɗauka. Ya ba ni ta gaba. Haka muka bi baitin nan har ƙarshe, kalma bayan kalma, kamar ana ba mara lafiya kunu da cokali. Ban taɓa rera waƙar nan kamar ranar ba, don hawayen na gaske ne.

Jama'a suka miƙe tsaye. Sau bakwai aka buɗe labule. Ina rusunawa na saci kallon rami, na ga ya rufe littafinsa yana zuba shayi. A bayan fage na ji Ramzi yana cewa, "Yau kam Baba ya ishe mu da surutu, kamar mu 'yan firamare. Gara da zai huta." Baba yana wucewa ya ji, ya ce, "Tsufa ne, ɗana, a yi haƙuri." Daga baya na roƙe shi ya nuna min littafin. A gefen baiti na biyu akwai sabon ɗigon ja, ba suna, daidai da sauran.

Baba Zarif, kai ne ka zubar da girmanka a gaban sa'annin 'ya'yanka don nawa ya tsira. Kai ne ka yarda a kira ka mai son kai, kai da ko tafi ba ka taɓa juyowa ka karɓa ba. Mai rufin asirin masu murya, na san in ka ga wannan rubutun za ka yi fushi, ka ce wa ya aike ni. Ka yi fushin, na ɗauka.

Makon jiya na ja shi da ƙyar muka shiga ta ƙofar gaba, muka zauna a kujerun 'yan kallo, karonsa na farko. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Ashe haka kuke daga sama." Ba a jima ba leɓensa ya fara motsi, yana riga mai waƙa da numfashi ɗaya. Wata mata a gefensa ta juyo a fusace. "Malam, don Allah ka bar masu waƙa su yi aikinsu. Kai me ka sani a ciki?" Na yunƙura zan wanke ta tas, ya dafe min hannu. "Gaskiyarki, Hajiya," ya ce, ya daina motsa leɓe.

Na gode, Baba. Allah ya ƙara maka lafiya, ya rufa maka asiri yadda ka rufa mana. Masu gidan nan kuwa ina roƙonku kada a buga wa ramin nan ƙusa, a nemi mai irin halinsa a sa a ciki. Kuma duk wanda Allah ya ɗora a inda zai tallafi wani, malami ne ko likita ko maƙwabci, ya koyi yin abin yadda Baba ya yi, ba tare da an gane wa aka tallafa ba.

Saura kai, Ustaz Hazim. Ka yi tambaya ranar nan, ka ce ko akwai mai buƙatar raɗa ya ɗaga hannu. Tsohon da ka yi mako shida kana jin haushinsa ba don kansa ya yi rigimar ba. Ni ce mai buƙata. Na makara, amma ga hannuna a sama.