Juyin Taken Hanora

Fidelma 'yar yayana Malachy ce, kuma tun tana rarrafe na san za a sha fama da ita, don kan nan nata dutse ne. Da safe motar 'yan makaranta take tuƙawa, ta bi gaɓar teku ƙauye-ƙauye tana kwasar yara. Ranar Asabar kuma sai ta saɓi gogenta ta tafi bukukuwan aure tare da wasu samari masu jitar lantarki da tarin ganguna. A shekarun nan duk rediyon da ka murɗa a yankinmu na Clare, a ƙasar Ireland, abin da za ka ji ke nan, goge da sarewa irin na kakanninmu an gwama su da kiɗan zamani. Fidelma ta ce ita ma sai ta yi nata, kuma da taken gidanmu za ta yi.

Taken Hanora ake ce masa, sunan mahaifiyarmu ke nan. Ba a taɓa rubuta shi ba, daga kunne sai kunne. Kamar kowane take namu, gida biyu ne, akwai farko akwai juyi. Farkon kam har masu tatsar shanu suna yin fitonsa da baki. Juyin kuwa Malachy kaɗai ya rage da shi, rabonsa da kaɗa shi tun zaman makokin Hanora, lokacin Fidelma tana jaririya. Ni ƙafafuna sun san shi sarai, amma muryata in na ɗaga ta karnukan maƙwabta ne ke amsawa. Ana nan sai shanyewar ɓarin jiki ta kama hannun Malachy na hagu, likita kuma ya ja mu gefe ya ce zuciyar ma ba ta da tabbas. Kowa ya gane in ya tafi da juyin nan a bakinsa, shi ke nan an rasa shi.

Da ya ba ta juyin tuntuni, ba don abin da ya faru a bikin 'yar gidan Considine ba. Ranar Fidelma ta kaɗa farkon taken da mutanenta. Yara suka yi ta tsalle suna ihu. Mu tsofaffi muka miƙe muka yi layi, muka fara, sai ƙafa ta ƙi. Ɗaya bayan ɗaya muka koma kujerunmu, kiɗa bai ƙare ba. A wurinmu makaɗi ƙafafun masu rawa yake kallo, su ke jan shi, kuma babu abin kunyar da ya kai a zauna maka a tsakiyar take. Shi kuwa mai gangunansu, wani dogo mai suna Ultan, wata 'yar na'ura ce a kunnensa tana ƙas-ƙas kamar agogo, ita yake bi, idonsa a rufe.

Washegari ta sami ubanta a bakin murhu, ina zuba masa shayi.

"Baba, ka ba ni juyin."

"In ba ki ki kai wa mai fasa tukwane?" in ji Malachy. "Kin ga Packie Hehir jiya? Mutumin da ya yi rawa da karaya a ƙafa, ke kika zaunar da shi. Ki ajiye gangunan nan, yau ɗin nan in rera miki."

"Ba zan ajiye ba. Yaran da nake ɗauka a mota ba mai tsayawa ya saurari goge shi kaɗai. So kake ya mutu a kicin?"

"Gara ya mutu da mutuncinsa."

Samarin ma suka zo mata da tasu dabarar, wai ta ƙirƙiro juyi nata mana, wa zai gane? Ta dube su har sai da suka sunkuyar da kai. Ita ba ta yarda ta saki ganga ba, ba ta yarda ta saki juyin ba, ni kuwa na ce a raina mai son kama zomo biyu ya shirya gudu.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci sai ga ta a ƙofata, ta taso Ultan a gaba.

"Goggo, ga ɗalibi na kawo miki. Ki taka, shi kuma ya kalla."

"Wannan zangarniyar?" na ce. "Ɗana, cire abin nan daga kunnenka, nan gidan ba a tatsar agogo."

A tsakiyar kicin ɗina akwai faffaɗan dutse, an binne tsohuwar tukunyar ƙarfe a ƙarƙashinsa don ya riƙa amsa ƙafa. A kansa nake takawa, Fidelma tana goge, Ultan yana bina da yatsu a kan tebur. Da fari abin takaici ne. Kullum sai ya riga ni isa, kamar mai gudun kada a cinye tuwon biki.

"Goggo, ai ke ce kike makara," in ji shi wata rana.

"Ni nake makara? Tun kafin uwarka ta san hanyar coci nake taka wannan dutse. Ɗan jinkirin nan da kake gani, shi ne rawar, sakarai."

Ya yi fushi ya tafi, ya ce ba zai dawo ba. Lahadi na zagayowa Fidelma ta je har garejin da yake aiki ta ajiye motar makaranta a bakin ƙofa, ta kashe, ta ce ba mai shiga ba mai fita sai ya hau. Ya hau. Haka muka cinye hunturun nan, ruwa yana dukan taga, yaron yana cinye mini burodi da man shanu. Malachy kuwa sai ƙara ramewa yake, tsoro ya cika ni, har na fara ce wa Fidelma ta haƙura ta bi abin da ubanta yake so kafin lokaci ya ƙure. Ta ce, "Goggo, in na karɓa da sharaɗinsa, a akwati zan ajiye shi. Taka mu gani." Wajen ƙarshen sanyi ne na juyo a tsakiyar rawa na ga Ultan ya zuba wa ƙafafuna ido, yatsunsa suna jirana.

Da hunturu ya wuce rana ta fara leƙowa, wata Lahadi da la'asar, Fidelma ta jibge ganguna da jita a tsakar gidan ubanta ba tare da ta tambaye shi ba. Aka ciro ƙyauren rumbu aka shimfiɗa a ƙasa don a taka rawa a kai. Ta gayyato Packie Hehir da sauran tsofaffin da suka zauna mata a biki. Malachy ya shige kicin ya ba taga baya.

Suka ɗauki farkon taken. Ƙafata ta amsa tun a bugun farko, Packie ya yi wata ƙara kamar saurayi, ƙyaure ya hau rawa a ƙarƙashinmu. Muka iso inda juyi zai shigo, babu juyi, sai Fidelma ta koma farko. Muka sake isowa, ta sake komawa. Wanda bai taɓa rawa ba ba zai san azabar wannan ba, kamar atishawa ce ta zo hanci ta ƙi fita. Gwiwoyina suka ɗau zafi, gumi ya jiƙa Packie sharkaf, amma ba wanda ya nufi kujera, don kiɗan bai ba mu dalili ba.

"Fidelma, za ki kashe mu!" na ce ina haki.

"Sai dai hannuna ya guntule, Goggo!"

Ban san sau nawa muka zagaya ba. Can sai ƙofar kicin ta buɗe. Malachy ya fito yana jan ƙafa, ya dafa bango, fuskar nan a murtuke. Ya dubi ƙafafunmu, ya dubi Ultan, ya daɗe yana kallo. Da muka sake isowa wurin, sai ya buɗe baki ya rera da muryarsa da ta dushe, ba kalma, sai zallar taken. Juyin mahaifiyata ya shigo mini ƙafa, ina takawa hawaye yana zuba, daɗi da baƙin ciki suka haɗe mini wuri guda.

Fidelma ta bi shi da goge, ta kuskure a tsakiya. Ya girgiza kai ya sake rerawa, sai tari ya sarƙe shi, ya zame ya zauna a dokin ƙofa, leɓɓansa sun yi fari. Ta sauke gogen za ta ruga wurinsa, ya ɗaga mata hannunsa mai lafiya.

"Wa ya ce ki tsaya?" in ji shi. "Numfashin da ya rage mini ba na tari ba ne. Ɗauki gogenki, 'yata, ki buɗe kunne. Kai kuma dogo, riƙe mana ƙafafun nan da gangarka."