Makarar Malam Haladu

Duk wanda ya zauna Ƙaura Namoda shekarun da aka fara cewa Jihar Sakkwato, in ka ambaci Malam Haladu Badarawa, sai ya tambaye ka, "Mai gawar nan da ta yi atishawa?" Shekara ashirin da wani abu ya yi yana koyar da Turanci a sakandaren maza, amma da atishawa ɗaya ake tuna shi.

Ga yadda aka yi. Cikin littattafan jarrabawa akwai wani tsohon wasan Turawa mai ƙarewa da kuka: sarki ya saurari magulmaci, ya zargi ɗansa, ya sa aka kashe shi, gaskiya ta fito bayan an makara. Yara sun haddace shi tas, amma in ka tambaye su abin da ya sa sarkin ya yi kuka, sai su dubi rufi. Malam ya ce to a tashi a yi shi da jiki. Karan dawa ya zama takobi, zoɓo a ƙwarya ya zama guba, aka ɗaura gwangwala aka yi makara.

Wata Alhamis da la'asar ya yi gaba a keke zuwa filin bayan tashar jirgi, ya ce yara su biyo shi da kayan wasa. Saminu, mai fitowa a ɗan sarki, ya ga bai kamata mamaci ya yi tafiyar ƙasa ba. Ya haye makara, aka lulluɓe shi da farin zanen gado, huɗu suka saɓa.

Kowa ya san ba a barin makara ta wuce a ci gaba da hira. 'Yan dako suka ajiye buhunan gyaɗa, direbobi suka fito daga ƙarƙashin mota, mahauci ya goge hannu. Kafin a kai kwanar tasha mutum ya fi arba'in a baya, ana ta salati, kowa na kunyar tambayar wa ya rasu. Masu ɗauka kuwa tsoro ya ɗinke musu baki. Sai aka gifta inda mata ke dakan barkono. Gawa ta yi atishawa, ta kuma ce, "Alhamdu lillahi." Wani dattijo ya amsa mata da "Yarhamukallahu" kafin ya tuna ya zura da gudu.

Cikin masu rakiyar har da Alhaji Tambari mai motocin hanyar Shinkafi, uban Saminu, wanda ya raka ɗansa bai sani ba.

Daga ranar Malam ya ga gari ya canza masa fuska. In ya yi sallama a majalisa, sai zance ya koma na damina. Mai shayi ya ware masa kofi nasa shi kaɗai. Aka ce yana koya wa yara haɗa guba. Aka ce a'a, mugun fata yake yi wa 'ya'yan masu hali, in ba haka ba, me ya sa ɗan Alhaji aka zaɓa ya mutu? Wani mutum mai rawani ya riƙa zama gindin tsamiyar makaranta kullum da la'asar, ba ya saye ba ya sayarwa. Shi ma Malam abin ya kama shi: in aka ce masa "ina gajiya", sai ya tsaya neman abin da ke ƙarƙashinta. Har matarsa Saliha ya tambaya wa take ba labarin makaranta.

"Ni? Mi nis sani?" in ji ta. "Kai ka sa ɗan mutane likkafani, ni za ka tuhuma?"

Shugaban makaranta ya kira shi. Alhaji ya kai ƙara, iyaye shida sun ce za su cire 'ya'yansu. In Alhaji bai janye ba zuwa Asabar, za a hana wasan, a kuma rubuta wa Sakkwato a mai da Malam wani wuri.

Malam ya tafi tashar mota ya durƙusa. "Alhaji, alfarma guda. Zo ka gani da idonka."

"In ga mi? Na riga na ga gawatai."

"Ka ga abin da yak kashe shi."

Alhaji ya zo makaranta ran Juma'a bayan an sauko, ba don ya yarda ba, sai don ya kama shi dumu-dumu. Mai rawanin gindin tsamiya na biye, ashe ƙanensa ne, Sodangi. Ƙwaryar zoɓo Alhaji ya fara ɗauka, ya sansana, ya miƙa wa Malam. "Sha." Malam ya sha. Aka jira. Bai faɗi ba. Alhaji ya zauna, sanda a cinya, ido a kan Malam, ba a kan wasa ba.

Ba ya jin Turanci ko kaɗan. Amma da magulmaci ya sunkuya kunnen sarki yana nuna Saminu da leɓe, idon Alhaji ya bar Malam. Irin wannan sunkuyon ya san shi a tashar mota. Saminu ya durƙusa yana rantsuwa, sarki ya kau da kai, ya ɗaga hannu a kawo ƙwarya. Alhaji ya miƙe tsaye.

"Kai, sarkin banza! Bincika mana! Wanga ɗan nema ƙarya shikai! Daga an hwaɗa maka sai ka yarda?"

Saminu, daga durƙushe, ya ce, "Baba, ai abin da wasan ka cewa ke nan."

Alhaji ya dubi ɗansa, ya dubi Sodangi, wanda ya kwashe mako yana kawo masa labari. Sodangi ya shiga gyaran rawani. Alhaji ya koma ya zauna a hankali.

Washegari ya janye ƙara, bisa sharaɗi biyu: makara ba ta ƙara fita ƙofar makaranta, kuma duk ranar da Saminu zai mutu, a yi masa addu'ar tsawon rai tukuna. Haka aka yi. Bayansa ma duk yaron da ya hau makarar sai an shafa masa fatiha.

Har ya yi ritaya, in ya bi ta tasha, direbobi kan ɗaga murya, "Malam, yaushe za mu sake rakiya?"

Sai ya sauke ƙafa daga keke, ya ce, "Ku gode mani, 'yan nema. Mutum arba'in na sa kunka yi niyyar lada, kuma ko gida guda ba a zauna makoki ba. Ku nuna mani wanda yat taɓa yi muku haka."