Jan Tawadar Malam Hadi

Har gobe ban manta da Juma'ar da na fara hawa mumbari a masallacinmu na unguwar Diobu a Fatakwal ba. Lokacin ina na'ibi, wato mai tsaya wa liman idan uzuri ya taso. Limaminmu Malam Hadi ciwon ƙafa ya matsa masa, ya tafi gida Gumel jinya, ya bar mini littafin huɗubarsa na rubutun hannu.

Ku sababbin ladanai da na'ibai, ga yadda littafin yake. Abin da aka rubuta da baƙar tawada shi ake karanta wa jama'a. Na jar tawada kuwa, wanda muke kira ja kawai, ba a furta shi. Umarni ne ga liman: zauna a nan, ɗaga murya, sauko. Malam kan ce baƙi na jama'a ne, ja na mai sanda, wato liman.

A ƙarshen huɗuba ta biyu na ga ja: "Tsawaita addu'a, mahauta na hanya." Ni kuwa a lokacin kaina na hayaƙi, na yi karatu, na san taƙaita huɗuba sunna ce. Na ce wannan ai tsohon zance ne. Na tsallake, aka ta da iƙama.

Ina sallamewa sai na ga mutum biyar a sahun baya sun miƙe suna kawo raka'a huɗu. Mahautan mayankar Trans-Amadi ne. Sai sun gama fiɗa, sun yi wanka, sannan su shigo bas, ga gosulo, ga ruwan Fatakwal. A zaman tahiya suka same mu, Juma'a ta wuce su.

Dattijonsu Baba Inuwa ya tare ni a ƙofa, rigarsa jiƙe sharkaf.

"Allah gafarta Malam, tun zuwana garin nan ban taɓa rasa Juma'a ba sai yau. Wani laifi muka yi?"

Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan la'asar na kira Malam Hadi na faɗa masa. Ya yi dariyarsa ta ƙasa-ƙasa.

"Kai Sabo, sarkin gaggawa! Baƙin nan ko'ina ka je za ka same shi. Jan kuwa a Diobu na koye shi, daga bakin mutane. Je ka ba Inuwa haƙuri."

Na je har mayanka na ba shi. A nan na gane limanci ba karatu kaɗai ba ne, sai ka san wa ke bayanka da wanda bai iso ba tukuna.

Malam bai dawo ba. Ina kewarsa, ba na ɓoyewa. Ranar da aka aiko da rasuwarsa Alhamis ce, kuma ni zan sanar da jama'a washegari. Na zauna na bi littafin shafi-shafi, ko ya bar mini ja a kan yadda ake faɗin irin wannan. Bai bari ba. Na hau mumbari, na ambaci sunansa, murya ta ƙi fita. Baba Inuwa ne ya ƙarasa sanarwar daga sahun baya.