Fatar da Aka Ba Auta

Ni ce 'yar fari a gidanmu. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana nemana sai ta ce "ke", in tana maganata da wani sai ta ce "waccan". Haka kakanninmu suka zo da abin daga ƙasar Hausa, haka muka riƙe shi a nan ƙasar da muke zaune, a unguwarmu ta Kilomita Biyar. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta tsaya masa a gaban mutane. Ban taɓa ganin laifin wannan ba sai shekarar da sojoji suka yi bore.

Mu biyu ne muka rayu a 'ya'yan Inna, ni da ƙanwata da muke kira Auta. Baba ya riga ya rasu. Kitso nake yi, da shi muke ci. Mata suna zuwa mini daga unguwannin Miskine da Yakité, har da matan da ba sa jin Hausa, su zauna a tabarmata a gindin mangwaro. Ban yi makaranta ba, amma in na ja tsaga da kibiya ba ta karkacewa. Auta ba ta iya komai ba lokacin. Tana da kyau dai, kuma ta san tana da shi.

Da harbi ya yi yawa a cikin gari aka rufe gidajen mai. Kananzir ya koma sai a kwalba, a bakin hanya, wurin mutanen da ba mu sani ba. Wata rana da hantsi Auta ta sayo kwalba guda. Ashe an gauraya shi da fetur. Ta zuba a risho, ta ƙyasta ashana tana sunkuye. Ina cikin kitson wata mata na ji wani irin fuu, na waiga na ga ɗankwalin Auta yana ci da wuta, wutar ta kama mata kunci da wuya.

Ban nemi ruwa ba. Da hannuwana na fizge ɗankwalin, da su na kashe wutar da ke kanta. Hannuwan cike suke da man kitso. Sai da na gama da ita na lura nawa suna ci.

Babban asibiti yana bayan shingen sojoji, ba mai kai mu can. Maƙwabta suka ɗora mu a amalanke, mu biyu, suka tura mu wani ƙaramin asibiti ta wajen Miskine. Inna tana biye da mu a ƙasa, takalmi ɗaya a ƙafarta.

Likitan ɗan ƙasa ne, ba Musulmi ba, Sango, yaren ƙasar, yake yi mana. Ya yi karatu a waje, kuma yana wani bincike a kan ƙuna tare da mutanen can. Ya duba Auta, ya duba ni, ya wanke mu. Daga nan ya buɗe wani kwaba ya ɗauko leda a liƙe, kamar ambulan. A cikinta akwai wani abu siriri kamar ɓawon albasa.

Ya yi wa Inna bayani, ina kwance ina ji. Ya ce fata ce ta jakar da jariri yake kwanciya a ciki, wadda take fitowa tare da mabiyiya. A wata ƙasa ake karɓarta wurin matan da suka haihu lafiya kuma suka yarda. A wanke, a busar, a liƙe a leda. Bayan an liƙe sai a kai ta wani ɗaki mai kaurin bango, a saka ta gaban wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani. Hasken yana ratsa ledar ya kashe duk ƙwayar cutar da ke ciki, ba wuta, ba tafasawa, fatar ba ta lalacewa. Ya nuna mana wani ɗigo ja a jikin ledar. Ya ce da rawaya ne, hasken ne ya mai da shi ja, shi ne shaidar ta shiga ɗakin.

Inna ta ce, "Mu binne ta muke yi a bayan ɗaki. Ta ɗan wa ce wannan?"

Ya ce bai sani ba, kuma ba a faɗa. Ya ce in aka shimfiɗa ta a kan ƙuna tana mannewa, zafi ya ragu, ƙazanta ba ta shiga, sabuwar fata ta tsiro a ƙarƙashinta. Sai ya ce saura kaɗan gare shi. Jirgi ya daina sauka, ba a san ranar da wata za ta zo ba. Abin da ya rage zai rufe fuska da wuyan Auta, ko ya rufe hannuwana biyu. In aka raba, ba wadda zai yi wa amfani.

Ya ce, "Mama, dukansu naki ne. Wa za a sa wa?"

Ɗakin da mutane. Akwai maƙwabtan da suka turo mu, akwai matar da na bari da rabin kitso, ita ma ta biyo. Na kalli Inna. Ba ta kalle ni ba. Ta kalli bango, ta kalli ƙafarta marar takalmi. Abin da ya kamata ta faɗa gajere ne: wannan da yatsunta muke cin abinci. Amma wannan yabon 'yar fari ne, a gaban jama'a. Bakinta bai iya ba.

Ta ce, "Ga ƙaramar nan."

Likitan ya juyo wurina, ya ce ni fa me na ce. Ni ce babba. Babba ba ta cewa a ba ni a hana ƙanwata. Na ce, "A sa mata." A gidanmu in babba ta faɗi haka, ƙarama takan ce a'a Yaya, ke ce dai, sai manya su shiga su daidaita. Na jira. Auta tana kuka, ba ta ce komai ba. Likitan kuma bai san ana jira ba. An ba shi amsa sau biyu, ya sa almakashi ya yanke bakin ledar. Ya riga ya gaya mana in an buɗe ta, tsabtar hasken ta ƙare, dole a yi amfani da ita nan take.

Ina kallo ya jiƙa fatar ya shimfiɗa mata a kunci, ya bi da ita har wuya. Kafin ya gama Auta ta rage kuka. Can ta yi barci. Ni aka shafa mini magani aka naɗe ni da bandeji.

Bandejin nawa a tukunya ake dafa shi, a kan gawayi, a bayan asibitin, don wutar lantarki ta ɗauke. A dafa, a shanya, a sake naɗa mini. Ba na ce sun yi sakaci ba, abin da suke da shi ke nan. Amma bandeji yana kama nama. Duk ranar wanki sai an jiƙa shi an ja, ya taho da abin da ya fara tsirowa. Nakan ciji gefen zanena. Gadon Auta yana kusa da nawa. Ita ba a taɓa nata, likita ya leƙa kawai ya ce yana kyau.

Yana ɗaukarta hoto kuma, saboda bincikensa. Ya sa ta juya nan, ta juya can, ya auna da ɗan ma'auni. Hoton zai tafi ƙasar waje in hanya ta buɗe. Auta har gyara zama take yi. Ni ba a ɗauke ni ba ko sau ɗaya.

Matan unguwa suna zuwa dubiya in harbi ya lafa. Wurin Auta suke taruwa.

"Auta, an ce fatar Turawa aka sa miki. Kar ki tashi da dogon hanci fa."

"Ba ta Turawa ba ce, ta jarirai ce. Shi ya sa take ta barci."

"In hasken nan yana jikinki, ki zo ki tsaya mana a tsakar gida, mun huta da kananzir."

Su yi dariya, ita ma ta yi da gefen baki. In za su fita su ce mini, "Sannu Yaya, Allah ya ƙara sauƙi." Wata ta tambaye ni yaushe zan ƙarasa mata kanta.

Inna ce take ba ni abinci a baki, tunda ba hannu. Ba ta magana. Ta miƙo cokali, in buɗe baki, tana kallon wani wuri. In ta koma gadon Auta sai in ji muryarta ta sake: Autata, ci kaɗan mana, Autata. Nakan juya fuskata bango.

Hannun dama ya yi mugunya. Ya kumbura, ya yi wari, na yi zazzaɓi har na daina gane mutane. Likitan ya yi ta yankan naman da ya mutu. Ƙunar da ta fara a sama ta nutse ciki. Ita kuwa Auta, fatar da aka sa mata ta bushe, ta fara ɗagowa daga gefe kamar ɓawon rogo, ta faɗi da kanta. A ƙarƙashi sabuwa ce, ja-ja, sumul.

Wata rana yana wanke mini hannu, matar nan mai rabin kitso ta shigo. Ta cire ɗankwali ta nuna masa kanta. Ta ƙi bari kowa ya ƙarasa, rabin da na yi ya tsufa amma tsagar tana nan a miƙe. Ta ce masa da Sango, "Dokta, ka gyara mana hannun nan. Duk Kilomita Biyar ba mai kitsonta."

Ya tsaya. Ya ce, "Kitso take yi?"

Ta ce da me yake tsammani gidan suke ci.

Ya dubi Inna. Ya ce, "Mama, me ya sa ba ki gaya mini ba? Ƙunar ƙaramar ba ta kai wannan haɗari ba. Ko da bandeji za ta warke, sai dai tabo. Da na san da yatsu take aiki, da ban tambayi kowa ba."

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Shi bai gane ba, ya ɗauka ƙaramar ta fi so. Ni na san dalilin, amma sanin bai rage mini komai ba.

Da aka sasanta da sojojin, jirgi ya dawo sauka, sababbin ledoji suka zo, kowace da jan ɗigonta. Likitan ya nuna mini su da kansa, ban san me ya sa ba. Ya ce ni lokacina ya wuce, wannan ta ɗanyen ciwo ce. Nawa ya riga ya warke yadda ya ga dama. Hannun hagu ya tashi da tabo amma yana aiki. Na dama yatsu uku sun manne sun lanƙwashe cikin tafi. Ina iya riƙe muciya, ina iya ɗaukar bokiti. Gashi ba ya tsaya mini.

Na gwada. Na zaunar da Auta na kama kanta, silin gashi yana zamewa, na kama, ya zame. Na jefar da kibiyar. Ita ta ɗauka.

Ni na koya mata, da baki, don dole mu ci. Ina zaune a gefe ina cewa ja nan, saki can, tsagarki ta karkace. Matan da suke zuwa wurina suka koma zama a gabanta, a tabarmata, a gindin mangwaron nan. Suna kallon kuncinta suna cewa kamar ba a taɓa ƙonewa ba. In mutum bai sani ba ba zai ga komai ba, sai ɗan wuri a bayan kunne da ya fi sauran haske. Ni na san inda yake. Idona can yake zuwa duk lokacin da ta juya.

Wani mai babban shago ya auri Auta. Ni na auri mai sayar da goro a Yakité, mutumin kirki, bai taɓa tambayata hannun ba. Ranar bikinta na yi mata komai da ya kamata yaya ta yi. Da aka zo sa lalle na tashi na shiga ɗaki.

Auta ta taɓa ce mini, "Yaya, wallahi ban ji abin da ake cewa ba ranar nan. Zafi ya rufe mini kunne."

Na ce, "Na ji." Wataƙila gaskiya ne. Ban sake tayar da maganar ba, ita ma haka.

Inna kuwa, har ta tsufa, in na je gida kuma ba kowa, takan kama hannun nan ta ɗora a cinyarta, ta shafa masa man kaɗanya, tana jan yatsun a hankali kamar za su miƙe. In ta ji takun mutum sai ta sake shi. Sau ɗaya na tambaye ta. Na ce, "Inna, da ba kowa a ɗakin, da wa za ki ce?"

Ta ci gaba da shafawa. Ta ce, "Ke ma kin sani."

Na ce, "Likitan bai sani ba."

Ta rasu ba ta kira sunana ba.

Na haifi 'yata ta fari bayan rikicin ya lafa. Na binne mabiyiyarta a bayan ɗaki kamar kowa. Ranar suna, da aka raɗa mata, na ɗauke ta na kira sunan da ƙarfi a tsakar gida, mata cike. Wata tsohuwa ta ce ba ni da kunya. Na ce e. Har yau da sunanta nake kiranta, a kasuwa, a kan titi, ko'ina. Ta iya kitso, ta fi Auta nesa ba kusa ba, kuma duk wanda ya zauna kusa da ni sai na gaya masa.